Manomin gyaɗa da kurkunun Damagaram

Akwai tabo uku a ƙafar mahaifina ta hagu, biyu a idon sawu, ɗaya a ƙwauri. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan ƙasar Mirya shekara talatin da wani abu baya zai gane irin wannan tabo ko daga nesa ya hango shi: ɗan zagaye ne, ya lotsa ciki, fatar wurin tana ƙyalli kamar an ɗiga man shanu. Shaidar kurkunu ke nan. A zamanin da nake yaro ba a tambayar mutum ko ya taɓa yin kurkunu, sai dai a tambaye shi sau nawa.

Shekarar da ta fi zauna mini a rai, ruwa ya sauka da wuri, shuka ta kama, an shiga noman fari, sai Baba ya fara ɗingishi. Kwana biyu bororo ya taso masa a idon sawu, yana cewa ji yake kamar an ɗora masa garwashi. Da ya fashe, sai ga ɗan farin abu kamar zaren saƙa ya leƙo. Kafin a gama da wannan, na biyu da na uku suka biyo baya. Wata biyu cur Baba yana kwance a zaure, ƙafa a kumbure, an naɗe kan tsutsar a jikin ɗan tsinke, kullum a murɗa kaɗan. Ba a gaggawa, domin in ta tsinke a ciki, ƙafar ce za ta ruɓe. Ni da Inna muka ɗauki hauya. Ciyawa ta fi ƙarfinmu, maimai bai samu ba, gayya kuma ba ta yiwu ba saboda rabin majiya ƙarfin garin suna kwance da irin ciwon. Damman da muka ɗaure a kakar nan ba su kai mu ko tsakiyar rani ba. Kurkunu ba ya cika kisa, shi ya sa manyan birni ba su ɗauke shi da zafi ba. Rumbu yake kashewa, kuma ya san lokacin da zai zo: daidai sa'ar da manomi ba shi da ranar zama.

Mutanenmu suna da bayaninsu. Wasu su ce jijiya ce ta mutu take neman hanyar fita, wasu su ce a jinin gidan yake, wasu su ɗora wa sammu. Babu wanda ya zargi tabkin bayan gari, don tsakanin shan ruwan da fitowar tsutsar shekara guda ce, wa zai haɗa ciwon bana da ruwan bara? Alhali a cikin ruwan akwai wasu 'yan ƙwari da ido ba ya cika gani, kamar ƙuma, su ke haɗiye 'ya'yan tsutsar. Ka sha su da ruwa, tsutsa ta girma a jikinka har ta kai tsawon mita ɗaya, ta gangaro ƙafa. Raɗaɗi ya sa ka tsoma ƙafar a tabki don ka ji sanyi, ita kuwa abin da take jira ke nan, ta zubar da dubban 'ya'ya, gari ya sake sha. Ba ta da allurar rigakafi, ba ta da ƙwaya, har gobe.

Abin da ya raba mu da ita ɗan ƙyalle ne. Wata rana aka tara gari a ƙofar mai gari, aka raba wa kowace mace farin ƙyalle mai laushi da za ta ɗaura a bakin randa ta tace ruwa. Aka zaɓi wani ƙanin Baba, wanda ya ɗan taɓa lakkol, aka ba shi littafi da alƙalami da akwatin bandeji. Aikinsa ya bi gida gida, ya rubuta wanda tsutsa ta fito wa, ya wanke ya ɗaure, ya roƙe shi don Allah kada ya shiga tabki. Lokaci lokaci ma'aikata su zo su zuba wani magani a ruwan, makiyaya kuma aka ba su ɗan bututu mai mataci a baki su rataya a wuya. Daga baya aka haƙa fanfon burtsatse. Na tuna yadda tsofaffi suka yi ta dariya, wai ƙyalle zai tare ƙaddara. Shekara huɗu ko biyar, aka nemi kurkunu a garinmu aka rasa.

A lokacin ban taɓa jin sunan Jimmy Carter ba, kuma na tabbata Inna ta koma ga Allah ba ta ji shi ba. Sai da na girma na zo birni na san cewa zaren wannan ƙyalle, in ka bi shi, zai kai ka har wani ƙaramin gari da ake kira Plains a jihar Jojiya ta Amurka, wurin wani manomin gyaɗa da mutanensa suka kora daga mulki.

Ranar 29 ga Disamba 2024 ya rasu yana da shekara 100. Washegari da safe, muna zaune a fada, majalisar hirarmu ta Sabon Gari, ɗari ya sa kowa ya matso kusa da murhun shayi, rediyo ya faɗi labarin. Wani matashi daga cikinmu, yaron kirki ne mai zafin kishin ƙasa, ya ce, "Allah raka taki gona, duk shugabannin Amurka kanwar ja ce." Ban ga laifinsa sosai ba. Watanni kaɗan kafin nan sojan Amurka suka kwashe kayansu daga Agadas, na Faransa sun riga su fita tun Disamba 2023, kuma yabon Bature a bainar jama'a ba abin da ake yayi ba ne a Nijar ta yau. Na ce masa, "Ɗana, ka taɓa ganin kurkunu?" Ya ce yana dai jin sunan. Na ce to, wanda ya mutu ɗin nan yana cikin dalilan da suka sa sunan kawai ka sani. Muka kwashe safiyar muna musu, shayi ya huce, ba wanda ya kayar da wani. Abin da ban samu faɗa masa a tsanake ba shi nake so in rubuta.

Carter ya mulki Amurka daga 1977 zuwa 1981, wa'adi ɗaya tak. A zaɓen 1980 Ronald Reagan ya yi masa kayen da ba a mantawa, ya lashe jihohi 44 cikin 50. Tsadar rayuwa ta ci shi, ga ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka da aka yi garkuwa da su a Tehran kwana 444. Ya koma gida yana da shekara 56, ya tarar sana'ar gyaɗar gidansu bashi ya yi mata katutu har sai da aka sayar. Mu 'yan ƙasar gyaɗa, jikokin waɗanda suka cika buhunan Magarya da Matamai, mun san ɗacin wannan. Mutum a irin wannan hali hanya biyu aka saba gani ya bi: ko ya zauna yana lasar miki yana zagin wanda ya gaje shi, ko ya bi manyan kamfanoni yana sayar da sunansa. Shi sai ya koma gidan da ya gina tun 1961, ya kafa cibiya mai sunansa a Atlanta a 1982 tare da matarsa Rosalynn, ya ɗauki aikin da ya ci masa shekara arba'in.

Abin da ya fi burge ni zaɓin da ya yi ne. Tsohon shugaban ƙasa mafi ƙarfi a duniya yana iya ɗaukar kowace babbar magana ya yi ta yawon taro da ita har ya mutu, ba wanda zai tambaye shi sakamako. In ka ce kana yaƙi da talauci, ko kana neman zaman lafiyar duniya, wa zai zo ya ƙirga? Shi kuwa ya ɗauki cutar da ba Ba'amurke ko ɗaya da ke fama da ita, cutar mutanen da ba su da ƙuri'a a ƙasarsa, ba su da man fetur, ba su da jarida. Kuma cuta ce da ake ƙirgawa da ɗaiɗai, wadda in ka yi ƙarya littafin ƙanin Baba zai tona ka. A 1986, da cibiyarsa ta karɓi jagorancin yaƙin, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa kowace shekara a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. A Najeriya kaɗai binciken farko ya ƙirga sama da 650,000. A nan Nijar binciken 1991 ya samu kusan mutum 33,000 a ƙauyuka wajen 1,700, kuma yankinmu na Damagaram yana cikin inda abin ya fi ƙamari. Mutum na ƙarshe da ya kamu a cikin ƙasarmu an gan shi a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijar da Najeriya shaidar rabuwa da cutar. A shekarar da Carter ya rasu, mutum 15 aka ƙirga a duk faɗin duniya. Daga miliyan uku da rabi zuwa adadin da bai cika sahu ɗaya na masallacin unguwa ba.

Kuma bai yi aikin daga ofis ba. A 1988 ya je wani ƙauye a Ghana ya ga wata matashiya da ya zaci jariri ta rungume, ashe nononta ne ya kumbura, tsutsa na fita daga ciki. Ya sha ba da wannan labari har tsufansa. A 1995, yaƙin Sudan na ci, ya shiga tsakanin gwamnatin Umar al-Bashir da 'yan tawayen John Garang ya samo tsagaita wuta ta kusan wata shida, ba don a raba mulki ba, don ma'aikatan lafiya su shiga kudu su raba matatai su yi wa yara rigakafi. Ka yi tunanin mutumin da zai zauna gaban kwamandoji biyu masu jini a hannu ya ce su dakata, yana da tsutsar da zai kashe. A yankunanmu na Damagaram da Difa da Maraɗi cibiyar tasa ta kuma sa hannu a yaƙi da amodari, ciwon idon nan da ke juya gashin ido ciki ya yi ta gogar ƙwayar har mutum ya makance. Aikin ma ba mai ɗaukar ido ba ne: gina salga, koya wa yara wanke fuska, shirye-shirye a gidajen rediyon karkara, da 'yar tiyatar fatar ido.

Sauran yawonsa duniya ta sani. Ya je Koriya ta Arewa a 1994 ya zauna da Kim Il Sung lokacin da ake jin ƙamshin yaƙi. Cibiyarsa ta sa ido a zaɓe fiye da 100. An ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2002. A 2006 ya rubuta littafin da ya kira abin da ake yi wa Falasɗinawa da sunan wariya irin ta tsohuwar Afirka ta Kudu, 'yan jam'iyyarsa da kansu suka juya masa baya, bai janye ba, a 2008 ma ya tafi Dimashƙa ya gana da shugaban Hamas. Amma hoton da ba ya fita a raina na Oktoba 2019 ne. Yana da shekara 95, ya faɗi a gida, an yi masa ɗinki 14 a goshi, ido ya yi baƙi ƙirin, sai ga shi a Nashville riƙe da kayan kafinta yana taya gina wa marasa hali gida, aikin da ya fara tun 1984. Shekara huɗu kafin nan, da aka ce masa ciwon daji ya kai masa ƙwaƙwalwa, 'yan jarida suka tambaye shi burinsa, ya ce yana so kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa.

To, yanzu maganar yaron fadarmu. Yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma ba na so in shafa wa mamaci hoda. Carter na kan mulki ba waliyyi ba ne. A daren ƙarshe na 1977 ya tsaya a Tehran yana yabon Sarkin Iran, alhali kurkukun sarkin cike suke da mutane. Gwamnatinsa ta ci gaba da sayar wa Indonesiya makamai lokacin da sojanta ke karkashe mutanen Timor ta Gabas. Shi ya buɗe ƙofar taimakon asiri ga mayaƙan Afganistan a 1979, wutar da hayaƙinta ya zagayo har Sahel bayan shekaru. Yarjejeniyar Camp David ta 1978 da ake yaba masa ta sasanta Masar da Isra'ila, ta bar Falasɗinawa a rana. Duk wannan yana cikin littafinsa, hisabinsa kuma ba a hannuna yake ba. Sai dai ni ba kujerarsa nake yabo ba. Kujerar shugaban Amurka tana da halinta, ko wa ya hau ta sai ta juya shi. Mutumin da ya sauka daga kanta nake kallo, abin da ya yi da sauran numfashinsa lokacin da ba soja, ba baitulmali, ba abin da ya rage masa sai suna da lambar wayar manya.

Akwai suka ta biyu da ta fi wannan nauyi a wurina, kuma wani tsohon malamin asibiti ne ya yi mini ita. Ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wa ya yi tafiyar ƙasa cikin laka daga ƙauye zuwa ƙauye? Wa ya sha zagin matan da suka gaji da tace ruwa? Wa ya yi gadin tabki? Dubban 'yan sa kai irin ƙanin Baba ne, da ma'aikatan lafiyarmu masu tsofaffin babura, da masu gari da limamai. Ba wanda ya ba su Nobel, da yawansu ko takardar godiya ba su gani ba. Wannan gaskiya ce tsantsa, kuma abin kunya ne a ce har yau ba mu da ko allo ɗaya a Mirya mai ɗauke da sunayensu. Amma na tambaye shi, su waɗannan mutane ba suna nan ba tun kafin 1986? Suna nan. Tabkin yana nan, ƙyalle ba sabon abu ba ne, likitocin zamanin mulkin mallaka ma sun san yadda cutar ke yaɗuwa. Abin da aka rasa shi ne mutum mai nauyin da zai shiga fadar shugaban ƙasa ba tare da an ce ya dawo gobe ba, ya ce, ranka ya daɗe, mutum kaza ne ke kwance a ƙasarka, ga sunayen ƙauyukan, in na dawo baɗi nawa zan tarar? Wanda zai kira mai kamfanin zare ya sa shi ya ba da ƙyallen kyauta, ya kira mai kamfanin magani ya yi masa haka. Wannan shi ne amfanin tsohon shugaba. Ba ya haƙa rijiya, amma in ya tsaya a bakinta minista ba ya iya mantawa da ita.

Carter ya fahimci haka har ya nemi irinsa a cikinmu. A Mali ya jawo Amadu Tumani Ture, sojan da ya miƙa mulki ga farar hula a 1992, ya sa shi yawon ƙauyuka kan maganar kurkunu. A Najeriya Janar Yakubu Gowon ne, mutumin da aka hamɓarar a 1975 yana taro a Kampala, ya koma ɗalibi a jami'a a Ingila, sannan daga 1999 ya shiga wannan aiki yana bin gwamnoni da sarakuna har aka ga bayan cutar. Saboda haka kada wani ya ce mini wannan hali na Turawa ne. Akwai ma wani abin da 'yan Damagaram da yawa ba su sani ba. A zaɓen shugaban ƙasar Najeriya na 27 ga Fabrairu 1999, wanda ya kawo Obasanjo, Carter ya jagoranci wata tawagar masu sa ido ta ƙasashen waje tare da Janar Colin Powell da kuma ɗan garin nan, Mahaman Usman Nafarko, shekara uku bayan soja sun sauke shi daga shugabancin Nijar. A ƙarshen aikin Carter ya ƙi sa albarka ga sakamakon, ya ce yawan mutanen da suka gani a rumfuna bai yi daidai da alƙaluman da aka bayyana ba, alhali Obasanjo abokinsa ne tun ziyarar da ya kai Legas a 1978. Mutum biyu da aka raba da mulki, ɗaya da ƙuri'a, ɗaya da bindiga, suna zagaya rumfunan zaɓen wata ƙasa.

Wannan bambanci na ƙuri'a da bindiga shi ne inda maganar ta dawo gida, kuma nan ne nake ɗan sassauta wa tsofaffinmu. Carter ya yi shekara kusan 44 bayan mulki yana yawo inda ya ga dama saboda ba wanda ya kulle shi. Reagan bai aika a kama shi ba, bai ƙwace gonarsa ba. Mu fa? Diori Hamani, bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 da aka kashe matarsa a ciki, a nan Damagaram aka tsare shi shekara shida, sannan ɗaurin talala a Yamai, ya ƙarasa a Rabat a 1989. Kunce a kan mulki ya rasu. Ba'are harbe shi aka yi a filin jirgin Yamai ranar 9 ga Afrilu 1999. Tanja ya nemi tazarce, aka sauke shi a Fabrairu 2010, ya yi fiye da shekara a tsare. Sai a Afrilu 2021, shekara sittin da ɗoriya bayan 'yancin kai, zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe, wanda aka miƙa wa ɗin kuma an tsare shi a Yuli 2023. Ba shari'ar kowa nake yi a nan ba, kowannensu yana da masoya da maƙiya a cikin masu karanta wannan. Abin da nake cewa, ƙasar da sauka daga mulki ke nufin kurkuku ko kabari ko gudun hijira, ba za ta samu tsofaffin shugabanni masu bin tabkuna ba. Za ta samu masu manne wa kujera da haƙori, da masu zaman jiran ranar ramuwa. Mu da muke tafi duk lokacin da aka kama na jiya, muna da hannu a wannan asara.

Amma uzurin yana da iyaka, domin ba shugabannin ƙasa kaɗai ne tsofaffin 'yan siyasa ba. Garin nan cike yake da tsofaffin ministoci, tsofaffin 'yan majalisa, tsofaffin gwamnoni da magadan gari, waɗanda ba wanda ya tsare su, lafiyarsu ƙalau, wayarsu cike da lambobin manya. Ina muke ganinsu? Wurin ɗaurin aure, zaman makoki, sahun gaba ranar Idi. Da, in kamfe ya zo, su fito da atamfa da buhun shinkafa. Yanzu da aka rufe babin jam'iyyu, sai ka ga kamar an cire musu batir. Wannan ya nuna mini abin da suka ɗauki siyasa: neman kujera ce kawai, in ba kujera a gaba, ba aiki. Da ɗayansu zai ce, ni daga yau har in mutu maganar ruwan Damagaram na riƙe, ba na neman ƙuri'ar kowa, da ya samu aikin da zai ishe shi. Tun ina yaro ake maganar Arungaza da Gogo Macaya, wuraren da ake janyo wa garin ruwa, aka zo aka ƙara Ganaram, amma har yanzu in bazara ta yi mata na kwana a bakin fanfo da jarkoki, 'yan garuwa su ne sarakunan unguwa. Wani ya ɗauki tamowar yara da ke cika asibitocin Magarya kowace damina. Wani ya ɗauki matasan unguwar Kara-Kara. Abu ɗaya, ƙarami a ido, wanda ake ƙirgawa, ya bi shi shekara ashirin, ya dami kowane gwamna da aka turo, soja ne ko farar hula, da tambaya ɗaya: nawa suka rage?

Na san abin da za a ce: Carter yana da kuɗin Amurka a bayansa. Gaskiya ne, roƙonsa ya fi namu tsada. Amma Gowon ba da kuɗinsa ya yi ba, da ƙafarsa da furfurarsa ya yi. Kuma yanzu da gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta agaji a 2025, Turawan Yamma kowa yana ɗaure bakin jakarsa, mu kuma muna ta shelar mun tsaya da ƙafarmu, ai lokacin da ya fi dacewa ke nan dattijan gida su nuna abin da furfura ke iya yi. In mun ce ba ma son baƙo ya zo ya ƙirga mana marasa lafiyarmu, to wani daga cikinmu ya ɗauki littafin.

Burin Carter bai cika ba. Kurkunu bai riga shi mutuwa ba. Tun wajen 2012 aka gano tsutsar ta samu mafaka a jikin karnuka a Cadi, a bakin kogin Shari, inda suke cin hanjin kifi, yanzu aikin ya koma har da ɗaure kare da binne ƙazantar kifi. Tana nan kuma jefi jefi a Sudan ta Kudu da Mali da Habasha da Angola da Kamaru. Cadi maƙwabciyarmu ce, Mali ma haka, kuma mutane da dabbobi ba su san iyaka ba. In aka kai ƙarshe, ita ce cuta ta biyu ta ɗan Adam da za a shafe daga doron ƙasa bayan agana a 1980, kuma ta farko da aka kashe ba da allura ba.

Da Sallar da ta wuce na kai yarana ƙauye gaida Baba. Ya tsufa ƙwarai, yana zaune a zauren nan dai, ƙafa a miƙe. Ƙaramar 'yata ta tsuguna tana taɓa tabon idon sawunsa, ta ce, "Kaka, wuta ce ta ƙone ka?" Ya ce kurkunu ne. Ta juyo ta dube ni, ta ce, "Baba, mene ne kurkunu?" Na fara yi mata bayani, tsutsa, tabki, tsinke, sai ta yamutsa fuska ta ce tatsuniya nake yi mata. Baba ya yi dariya har da tari, ya aika a kira ƙanin nasa ya zo ya ba da shaida. Tsohon ya zo yana dogara sanda, ya ce littafin yana nan a cikin adakarsa, gara ta ci bangon amma sunayen suna karantuwa, in yarinya tana so gobe da safe ya ɗauko mata ta ga sunan kakanta a shafi na biyu.